Yadda Za Ka Duba Gudu da Zafin Firosesa a Tsohuwar Kwamfutar Tebur

A wani watan Afrilu, lokacin da Kano ke ƙuna, wani abokina mai shagon buga takardu ya kira ni. Ya ce, "Malam, don Allah leƙo ka ga injin nan. Da safe kamar doki, da an yi azahar kamar jaki mai ciwon ƙafa. Sau biyu ina bayarwa ana yi mata fomatin, wai bairos ne." Kwamfutar tebur ce ta hannu, irin waɗanda ofisoshin Turai suka gama yayinsu aka lodo mana a kwantena, da firosesa Core 2 Duo E8400 a cikinta. Ban taɓa Windows ɗinta ba. Lambobi biyu kawai na sa wa ido, gudun firosesa da zafinsa, kuma cikin minti goma ciwon ya bayyana.

Kafin mu shiga, mu daidaita harshe. A kasuwa, idan an ce "CPU" akwatin nan gaba ɗaya ake nufi, wanda ake ajiyewa ƙarƙashin tebur. A nan kuwa ina magana ne a kan ɗan abin nan mai kusurwa huɗu da bai kai tafin hannu ba, wanda ke zaune a kan bod, wato babban allon cikin akwatin da komai ke jone da shi, ƙarƙashin fanka da ƙarfen sanyaya. Shi zan riƙa kira firosesa.

Abin da lambar gudu ke faɗa

Firosesa yana aiki ne da bugu, kamar zuciya. Megahaz ɗaya bugu miliyan ɗaya ne a daƙiƙa, gigahaz ɗaya kuma megahaz 1000. Saboda haka 3.00 GHz da 3000 MHz abu ɗaya ne, kada rubutun ya rikita ka.

Daga lambobi biyu ake samun wannan gudu. Akwai gudun tushe da bod ke bayarwa, akwai kuma lambar ninki da ke cikin firosesa. A E8400, wanda ya fito a farkon 2008, tushen 333 MHz ne, ninkin 9, ka buga su ka samu kusan 3000. A Pentium E5200 tushen 200 ne, ninkin 12.5, ya ba da 2500. A Core i5-2400 na 2011 tushen 100 ne, ninkin 31, ya ba da 3100, kuma idan aiki ya yi nauyi yana iya hawa har 3400 da kansa. Riƙe wannan lissafi, domin idan gudu ya ragu, ɗaya daga cikin biyun ne ya sauka, kuma wanda ya sauka shi zai nuna maka inda matsalar take.

Wani abu kuma da dillalai ke cin kasuwa da shi: yawan gigahaz ba ya nufin ƙarfi idan zamani ya bambanta. Pentium 4 ya kai har 3.8 GHz, amma Core 2 Duo da ya zo a 2006 mai 2.4 GHz ya fi shi aiki nesa ba kusa ba, kuma bai kai shi zafi ba. A firosesan AMD ma, kamfanin da ke gogayya da Intel mai ƙera waɗannan da na ambata, a wancan lokaci lambar da ke jikin sunan daban take da gudun. Athlon 64 X2 4200+ a 2.2 GHz yake tafiya, don haka idan ka ga 2200 kada ka ce an cuce ka.

Mataki na farko: san sunan firosesanka

Kada ka dogara da sitikar da ke jikin akwati. Kwamfutar hannu ta ratsa hannaye da yawa kafin ta iso gare ka, an canja bod, an canja murfi, wani lokacin sitikar ma manna ta aka yi don ta ƙara kuɗi.

Danna maɓallin Windows tare da R don akwatin Run ya buɗe, ka rubuta msinfo32, ka danna Enter. A shafin da zai buɗe, nemi layin Processor. Za ka ga cikakken suna, misali Intel Core 2 Duo E8400 @ 3.00GHz. Wannan umarni yana aiki tun daga Windows XP har zuwa 10. Rubuta sunan a takarda, sannan ka bincika shi a waya don ka ga gudun da masana'anta ta sa masa. Intel na da shafin da ya jera bayanan kowane firosesa nata.

A nan mutane da yawa ke tsayawa, kuma a nan kuskuren yake. Wannan "@ 3.00GHz" wani ɓangare ne na sunan, rubutacce ne a cikin firosesan tun daga masana'anta. Ko yana rarrafe a rabin gudunsa, haka rubutun zai ci gaba da nunawa. Tamkar lambar ƙarshe ce a agogon mota: an rubuta 220, amma allura ce ke faɗin abin da kake yi a kan titi. Allurar za mu nema.

Mataki na biyu: leƙa BIOS

BIOS shi ne shafin saitin bod da ake shiga kafin Windows ta buɗe; kashe kwamfutar ka kunna, da tambarin kamfani ya bayyana ka yi ta danna maɓallin shiga. A Dell F2 ne, a HP F10, a yawancin kwamfutocin da aka harhaɗa da bod irin na Asus ko Gigabyte kuwa Delete ne. Idan Windows ta riga ka, sake kunnawa ka fara dannawa da wuri.

Shafin farko ko na System Information yakan nuna sunan firosesa da gudunsa. Zafi kuma, idan bod ɗin yana nunawa, yana ƙarƙashin PC Health Status ko Hardware Monitor, tare da saurin juyawar fanka. Yawancin kwamfutocin ofis na Dell da HP ba su nuna zafi a BIOS ba, don haka idan ka nema ka rasa, ba laifinka ba ne, wuce gaba kawai.

Abubuwa biyu ka lura da su. Wasu bod suna nuna zafi da ma'auni biyu, C da F. Na C za ka karanta, domin 140 a F digiri 60 ne kawai a C, kada gabanka ya faɗi a banza. Sannan zafin BIOS yakan ɗara na cikin Windows lokacin da ba a aiki, saboda a nan babu tsarin da ke lallashin firosesa ya huta. Amma idan kana zaune a BIOS kana kallon lambar tana hawa 70, 75, 80 ba tsayawa, kashe injin nan take. Ko fanka ta tsaya, ko ƙarfen sanyaya bai zauna ba. Tsallake zuwa sashen gyara na ƙarshe, "Idan zafi ne".

Tun da ka shigo, duba kwanan wata. Idan ya koma wata shekara ta can baya, batirin bod ya mutu. Ɗan batir ne mai kama da kwabo, CR2032, ana samunsa wajen masu gyaran agogo. Mutuwarsa tana mayar da saitin BIOS zuwa na asali duk lokacin da aka ɗauke wuta, kuma a tsofaffin bod wannan yana taɓa gudu kai tsaye. Athlon XP 2500+ ya kamata ya yi tafiya a 166 sau 11, wato kusan 1833 MHz, amma idan bod ya koma tushen 100 sai ka gan shi a 1100. Idan ba ka san ma'anar wani saiti ba, kada ka taɓa shi. Fita ba tare da adanawa ba.

Mataki na uku: ganin gudun gaskiya a cikin Windows

A Windows 8 da 10 abin yana da sauƙi. Danna Ctrl da Shift da Esc tare, shiga Performance, zaɓi CPU. Base speed, ko Maximum speed a Windows 8, shi ne gudun masana'anta, Speed kuma shi ne na wannan daƙiƙar. A Windows 7 wannan shafin ba ya nuna gudu. Sai dai ka rubuta resmon a akwatin Run, ka duba Maximum Frequency, wanda ke nuna kaso nawa cikin ɗari na gudun ake amfani da shi.

Ni dai na fi yarda da CPU-Z. Ƙaramar manhaja ce ta kyauta daga CPUID, kuma tana nuna tushe da ninki dabam-dabam. Sauko da ita daga shafin masu ita, ka zaɓi wadda ke cikin zip, wadda ba sai an girka ta ba. Idan burauzar tsohuwar kwamfutar ta ƙi buɗe shafuka, abin da ya zama ruwan dare tun da aka daina tallafa wa Windows 7 a Janairun 2020, sauke ta a wata kwamfutar ka kawo a filas. A cikin zip ɗin akwai na 32 da na 64, idan ɗaya ya ƙi buɗewa gwada ɗayan. Ka guji shafukan nan masu manyan koren maɓallai na Download har guda uku, su ne ke cusa wa mutum tarkacen da bai nema ba.

Buɗe ta, ka duba ƙasa ta hagu, wurin da aka rubuta Clocks. Core Speed shi ne gudun yanzu, Multiplier shi ne ninki, Bus Speed shi ne tushe.

A nan ne hankalin mutane ke tashi. Mai E8400 zai ga 2000 MHz maimakon 3000. Mai E5200 zai ga 1200. Mai i5-2400 zai ga 1600. Sai a fara zagin wanda ya sayar da ita. A kwantar da hankali, haka aka ƙera su. Idan babu aiki firosesa yana sauke ninkinsa don ya rage cin wuta da zafi. Intel na kiran wannan tsari SpeedStep, AMD kuma Cool'n'Quiet. Core 2 yakan sauka zuwa ninki 6, shi ya sa 333 sau 6 ya ba da kusan 2000. Buɗe wata manhaja mai nauyi kana kallon lambar, za ka ga ta yi tsalle ta koma sama. Gudun da ka gani lokacin hutu ba ya tabbatar da komai, sai an ɗora wa firosesa kaya.

Idan kuma ka ga Rated FSB yana nuna 1333 alhali Bus Speed na nuna 333, ba saɓani ba ne. Hanyar tana ɗaukar saƙo huɗu a kowane bugu, 333 sau 4 ke nan.

Mataki na huɗu: auna zafi

Windows ba ta nuna zafin firosesa, ko a 10. Dole ka nemo manhaja, kuma wadda za ta dace ta danganta da shekarun firosesan.

Daga Core 2 zuwa sama, Intel ta saka ma'aunin zafi a cikin kowace ƙwayar firosesa. Core Temp, RealTemp, HWMonitor da HWiNFO duk suna karanta shi. Pentium 4 da Pentium D da Celeron na zamaninsu ba su da irin wannan ma'auni, sai dai a karanta ta hanyar bod, da SpeedFan ko HWMonitor. A wasu kwamfutocin ofis na wancan zamani babu abin da zai fito ko ka gwada duka. Idan haka ta faru, kunnenka da idonka za su yi aikin: ƙarar fanka, da halin injin idan aiki ya yi nauyi.

Yadda ma'aunin Intel ke aiki yana da kyau ka sani, don yana warware rigima guda. Ba ya faɗin "digiri 55". Abin da yake faɗa shi ne saura digiri nawa a kai iyakar da firosesa zai fara kare kansa, iyakar da ake kira TjMax. Manhaja ce ke ɗebe wannan tazara daga iyakar ta ba ka lamba. A E8400 iyakar 100 ce, don haka tazarar 45 tana nufin digiri 55. A wasu tsofaffin Core 2 manhajoji sun saɓa a kan iyakar, wata ta ɗauka 85 wata 100, sai ka ga bambancin digiri 15 a injin guda a lokaci guda. Maganin wannan shi ne ka karanta tazarar kanta. RealTemp na nuna ta da sunan Distance to TJ Max. Idan tazarar ta wuce 25 ana tsakiyar aiki mai nauyi, kana cikin kwanciyar hankali. Idan ta sauko ƙasa da 15, lokacin gyara ya yi.

Akwai lambobin da bai kamata ka kula su ba. Idan wani layi a SpeedFan ko HWMonitor ya nuna 127 ko -128 kuma ba ya motsi, babu ma'aunin da aka jona a wurin. Haka nan firosesan da iska ke sanyayawa ba zai taɓa fin iskar ɗakin sanyi ba. Idan ɗakinka yana digiri 35 manhaja ta ce firosesa yana 18, ƙarya take. Wannan ya yi yawa a tsofaffin AMD, waɗanda ma'auninsu ba ya faɗin gaskiya sai zafi ya hau. Wasu E8400 ma ma'auninsu yakan maƙale a lamba ɗaya lokacin hutu, sai aiki ya yi nauyi yake motsawa.

Batun ɗaki kuwa ya fi shafar mu fiye da waɗanda suka rubuta yawancin bayanan da ke intanet. Mutumin da ke cewa nasa yana hutawa a digiri 30, a ɗaki mai digiri 21 yake zaune. Kai da ke Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram a bazara, inda zafin rana ke haura 40, a shago mai rufin kwano, kana iya ganin 50 a hutu kuma injinka lafiyarsa ƙalau. Kusan duk digirin da ɗaki ya ƙara, firosesa ma zai ƙara shi. Don haka ka yi awon a lokacin da rana ta fi zafi, tsakanin azahar da la'asar, domin awon asuba yaudara ce.

Mataki na biyar: ɗora masa kaya

Wannan shi ne gwajin gaskiya, duk na baya shiri ne. Kada ka yi shi da wutar da ke rawa ko janareton da ke tari, kuma ka adana duk aikin da ka buɗe.

Rufe komai, ka bar kwamfutar ta huta minti goma. Buɗe CPU-Z a gefe guda, manhajar zafi a ɗaya gefen, yadda za ka ga duka biyun. Rubuta gudu da zafi a takarda. Wannan shi ne awon hutu.

Sannan ka shiga shafin Bench a CPU-Z, ka danna Stress CPU, ka dawo shafin farko kana kallo. Wasu suna amfani da Prime95, amma tana gasa firosesa fiye da duk wani aikin da za ka ba shi a zahiri, kuma a injin da ya shekara goma sha biyar ba a taɓa buɗe shi ba, ban ga dalilin fara da ita ba.

Abin da ya kamata ka gani: gudu ya hau sama cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu ya zauna a can. Zafi ya yi tsalle da farko, sannan ya riƙa hawa a hankali, bayan minti biyar zuwa goma ya tsaya a wuri guda. Rubuta lambobin a minti na ɗaya, na biyar, da na goma. Hannunka ya kasance kusa da maɓallin Stop. A Intel, idan ka ga 85 kuma yana ci gaba da hawa, tsayar, ka riga ka samu amsa. A tsofaffin AMD irin su Athlon 64 da Phenom, da kuma Pentium 4, iyakarsu ta fi ƙasa, don haka ka tsayar tun a 70.

A shagon abokina, gudun ya hau 3000 kamar yadda ya kamata. Zafin kuwa bai tsaya ko'ina ba, cikin minti biyu ya haura 90. Na bar shi 'yan daƙiƙu don ya gani da idonsa, sai ga ninki ya faɗo daga 9 zuwa 6, gudu ya koma 2000, fanka tana kuka kamar injin markaɗe. Na ce, "Alhaji, ga bairos ɗinka nan." Firosesan ne ke rage gudunsa da kansa don kada ya ƙone.

Karanta sakamakon

Idan gudu ya zauna a sama kuma zafi ya tsaya ƙasa da 75 a Core 2 ko Core i, firosesa ba shi da laifi. Jan ƙafar daga wani wuri yake, galibi tsohon hadis, wato hard disk da ke adana bayanai, ko ƙarancin RAM, ma'ajiyar aikin da ake kan yi. Injin da ke da 2 GB kana buɗe masa shafuka goma a Chrome, ko ƙanƙara ka ɗora masa ba zai yi sauri ba.

Idan gudu ya fara a sama sannan ya sauka daidai lokacin da zafi ya kusa iyaka, zafi ne. RealTemp tana da wani layi da ke nuna OK, idan ya koma LOG to firosesa ya taɓa kaiwa iyaka tun da aka kunna, idan HOT ne kuwa yana can yanzu. HWiNFO ma tana da layin Thermal Throttling mai cewa Yes ko No. Pentium 4 yana da wayo a nan: wasunsu suna tsallake bugu ne maimakon sauke ninki, don haka CPU-Z za ta ci gaba da nuna cikakken gudu alhali aikin ya ragu.

Idan kuma gudu ya ƙi hawa sam, zafi kuma yana ƙasa, to saiti ne. Rubuta powercfg.cpl a akwatin Run, ka zaɓi Balanced, ka shiga Change plan settings, sannan Change advanced power settings, ka nemo Processor power management. Maximum processor state ya zama 100. Na sha tarar da shi a 50, wani ya rage don fanka ta daina ƙara, ya manta. Idan wannan daidai yake, koma CPU-Z ka dubi Bus Speed. Tushen da ya gaza abin da ya kamata yana nuna saitin BIOS ne ko mataccen batir. A wasu bod kuma, idan an kashe SpeedStep a BIOS firosesa yakan maƙale a mafi ƙarancin gudu, don haka ka tabbata a kunne yake.

Idan kwamfutar ta mutu ɗif ana tsakiyar gwaji, dubi lambar ƙarshe da ka rubuta. In zafin ya yi sama sosai, kariya ce ta kashe ta. Dell takan faɗa maka a kunnawa ta gaba cewa zafi ne ya kashe ta, HP ta ofis kuma fitilarta takan yi ja ta ƙifta sau biyu tana maimaitawa. In kuwa ta mutu tana digiri 60, ka tuhumi fawa-fak, akwatin da ke raba wuta a cikin injin, ko kafasitocin bod, 'yan gwangwanayen nan da ke tsaye a kansa. Haska tocila kusa da firosesa: kan kowane kafasito ya zama a shafe. Wanda ya kumbura ko ya tsiyayar da wani abu mai launin ƙasa ya gama aiki, kuma wannan ciwo ya yi yawa a bod na farkon shekarun 2000.

Mai Linux ba ya buƙatar duk waɗannan manhajoji. Umarnin lscpu yana nuna suna da gudu. Ya girka lm-sensors, ya gudanar da sensors-detect sau ɗaya, sannan watch -n 1 sensors zai riƙa nuna zafi kowace daƙiƙa.

Idan zafi ne

Kashe injin, zare wayar wuta daga bango, ka danna maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙu don ragowar wuta ta fita. Taɓa ƙarfen akwatin kafin ka sa hannu a ciki, musamman da hunturu, lokacin da ko gaisawa ka yi da mutum sai ka ji tartsatsi. Wannan ɗan tartsatsin yana iya kashe bod.

Fara da ƙura. Fitar da akwatin waje ka busa shi da bulowa, amma ka riƙe fanka da yatsa ko tsinke kada iska ta juya ta fiye da ƙima. Inda ƙurar ke ɓuya shi ne tsakanin fanka da haƙoran ƙarfen sanyaya. Daga sama za ka ga kamar babu komai, sai ka cire fankar ka tarar da wani abu kamar bargo ya toshe hanyar iska gaba ɗaya. Na shagon abokina da yatsu na ɓanɓaro shi, guda ɗaya, har da zanen haƙoran ƙarfen a jikinsa. Ƙurar hunturu uku ce ko huɗu, haɗe da garin takarda. Tsohon buroshin haƙori busasshe yana fitar da ragowar. Juya fankar da yatsa, idan tana cijewa ko tana lilo, canja ta.

Rufe ka sake gwajin kafin ka ci gaba. Sau da yawa a nan maganar ke ƙarewa.

Idan har yanzu zafin yana tsalle da sauri, wato daga 50 zuwa 85 cikin 'yan daƙiƙu, to zafin ba ya ratsawa daga firosesa zuwa ƙarfen. Ko ƙarfen ya saki, ko man da ke tsakaninsu ya bushe. Fankar Intel ta asali, mai zagaye, tana da ƙafafu huɗu na roba da ake dannawa cikin bod, kuma ɗaya takan fita idan an yi jigilar injin a bayan babur. Girgiza ƙarfen a hankali, bai kamata ya motsa ba. Don cirewa, juya kan kowace ƙafa ta inda kibiya ta nuna ka ja sama. Don mayarwa, juya su baya tukuna, sannan ka danna biyu masu kallon juna ta kusurwa har ka ji ƙas, ka danna sauran biyun. Na Dell da HP galibi da sukurori ne, ka ɗaure su kaɗan-kaɗan bi da bi.

A AMD ka yi hattara. Busasshen mai yakan manne kamar siminti, idan ka fizge ƙarfen sai ya fito da firosesan, ƙafafunsa su lanƙwashe. Bar injin ya yi aiki minti biyar ya ɗumama, ka kashe, sannan ka murɗa ƙarfen hagu da dama kafin ka ɗaga. A Intel mai soket 775 ko 1155 kuwa ƙafafun suna jikin bod ne, don haka bar firosesan a kulle a mazauninsa, babu abin da zai sa ka fitar da shi.

Goge tsohon man daga ɓangarorin biyu da ƙyalle mai tsabta da ɗan sifirit, ka bari ya bushe. Sa sabon man sanyaya firosesa, wanda masu kayan kwamfuta ke sayarwa a ɗan sirinji, ɗigo ɗaya kamar ƙwayar dawa a tsakiya. Nauyin ƙarfen zai baza shi. Aikinsa cike ƙananan ramukan da ido ba ya gani ne kawai, yawansa ba ya ƙara sanyi. Kuma don Allah ban da man goge baki. Na taɓa buɗe injin da aka yi wa haka, ƙamshin na'a-na'a ya tare ni, man ya bushe ya zama alli. Kada ka manta da mayar da wayar fanka a inda aka rubuta CPU_FAN. In ka manta, HP za ta tare ka da saƙo mai lamba 511 tun kafin Windows ta buɗe.

Wurin ajiya ma yana da nasa. Akwatin da aka cusa cikin durowar tebur, ko aka manna bayansa da bango, iskar da ya fitar ita yake sake shaƙa. Ba shi tazarar kamu ɗaya ta baya, ka ɗaga shi daga ƙasa ko da a kan benci ne, ka cire ƙyallen da ake lulluɓa masa kafin a kunna. Cire murfin gefe a kafa masa fankar ɗaki dabara ce ta wucin gadi. A ƙananan akwatunan ofis ma tana iya ɓata lissafi, don an tsara iskar ta bi ta wata hanya daga gaba zuwa baya, ga ƙura da za ta samu ƙofa a buɗe.

Bayan mun cire bargon nan mun sa sabon mai, na sake gwajin a shagon da misalin ƙarfe uku na rana, ƙofa a buɗe, fankar sama tana juya iska mai ɗumi. Minti goma gudun bai motsa daga 3000 ba, zafin ya tsaya a 68. Na rubuta lambobin da kwanan wata a 'yar takarda na manna a cikin murfin akwatin, na ce masa idan hunturu ya wuce ya sake awon ya gwada da waɗannan, in ya ga ƙarin digiri goma ya ɗauko bulowa.